Gidan Bula

A layinmu na Barnawa babu wanda ya san lambar gidansa. An rubuta lambobi lokacin da aka gina gidajen, amma ruwa da rana sun cinye su tun kafin in yi wayo, sai kowane gida ya samu sunan da mutane suka ga dama. Akwai gidan mangwaro, akwai gidan mai kare, akwai gidan Mama Nas, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Namu shi ne gidan bula, kuma na tsani sunan nan tun ina ɗan firamare.

Bula dai ita ce shuɗin garin nan da mata ke sa wa fararen kaya bayan wanki. Kowa a wanki ya san ta, ban da mahaifina. Duk shekara idan babbar Sallah ta matso, Baba zai sayo farar ƙasa ya jiƙa a rabin duro, ya watsa gishiri wai don ta kama bango, sannan ya kwance ƙullin bula ya zazzage. Wasu ma sukan ɗan ɗiga ta don farin ya fito. Baba bai san ɗigawa ba. Zubawa yake yana juyawa da sanda har sai ruwan ya yi shuɗin da ke shiga ido, sannan ya ɗauki burushi ya bi katangar gaba tun daga kusurwa har bakin get. Daga bakin titi kana hango gidanmu, ko kana so ko ba ka so.

Da a ce launin a bango yake tsayawa, da da sauƙi. Farar ƙasa ba ta riƙe abin da aka ba ta, kana jingina za ta bi ka, ni kuwa yaro ne mai son jingina. Sau da yawa nakan isa makaranta bayan farar rigata ya yi shuɗi ban sani ba, sai na ji ana ƙyaƙyata dariya a layi. Akwai wani ɗan ajinmu mai bakin tsiya da yakan leƙo bayana ya ce, "Ɗan gidan bula, yau ma an wanke ka an shanya?" Na sha dambe a kan maganar nan, kuma yawanci ni ake kayarwa. Da na girma na bar dambe na koma dabara. In abokai suka rage mini hanya, sai in ce a sauke ni a gidan mangwaro, in sunkuya kamar ina gyara takalmi har motar ta sha kwana, sannan in taka zuwa gida. Matata ma sai da maganar aure ta yi nisa ta san ainihin ƙofar da nake shiga.

Sau ɗaya na taɓa yi wa Baba magana. Na ce masa yanzu akwai fenti na gwangwani, ruwan madara, irin na gidajen manyan ma'aikata. Bai ko ɗago daga duron ba. Ya ce shi launin nan yana faranta masa rai, ranar da na gina nawa in shafe shi da man shanu in na ga dama.

Inna kuwa ban taɓa jin ra'ayinta ba, a kan bula ko a kan komai, domin ni ne ɗanta na fari. Wanda ya taso a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "kai", in kuma maganata take yi da wani, ni ne "wancan" ko "yaron nan", har bayan da furfura ta fara leƙo mini. Ba ta yaba mini a gabana, ba ta roƙona komai, ba ta dafa ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma ni ma a cikinta na taso, ban iya zama in yi doguwar hira da ita ba. Abin da ya cece mu shi ne autarmu. Ita ce ke shiga ɗakin Inna ta miƙe a gadonta ta ji komai, sannan ta same ni ta ce, "Yaya, maganin Inna fa ya ƙare," ko "Yaya, Inna ba ta ji daɗin yadda ka amsa wa Kawu ba." Ta bakin auta nake jin uwata.

Bayan rasuwar Baba na ɗauka bula ta bi shi. Ina! Sallah na matsowa Inna za ta sa ƙanena, wanda ke zaune tare da ita yana aiki a Kakuri, ya fito da rabin duron. Ni lokacin na yi aure na koma Unguwar Sanusi, ina zuwa gaisuwa ranar Asabar, in ajiye mota can gaba kaɗan, a inuwar gidan Mama Nas. Layin kuwa sai canzawa yake. Tsofaffin ma'aikata suna mutuwa, wasu suna sayarwa suna komawa garuruwansu, 'ya'ya da sababbin masu gida suna ta da katangu, kowa ruwan toka, ƙasan bango dutsen ado, get baƙi mai sheƙi. Hatta Mama Nas ɗanta ya zo ya yi mata irinsa. An sare mangwaron gidan mangwaro, karen gidan mai kare ya mutu ba a sake wani ba. A tsakiyar wannan tsaf-tsaf ɗin namu yake tsaye da shuɗinsa, kamar wanda ya zo ɗaurin aure da kayan barci.

Da aka sa ranar auren auta na samu hujjar da na daɗe ina nema. Dangin mijin mutane ne masu hali, irin waɗanda ke zuwa da jerin motoci, kuma duk lokacin da na tuna za su tsaya su tambayi mai shago ina ne gidan bula, sai in ji gumi ya karyo mini. Na tara ƙannena na ce za a gyara gaban gida, ni zan ɗauki nauyi. Babu wanda ya musa.

Ban taɓa ba wani abu hankalina kamar zaɓen nan ba, har matata ta ce ko lefenta ban yi wa wannan wahalar ba. Na yi ta zarya Sabon Tasha wurin wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da tayil da dutsen ado, mutum mai haƙuri, yana shimfiɗa mini samfur a ƙasa ina zagayawa ina taɓe baki. Farin tayil na ce a'a, gida zai koma kamar banɗakin tasha. Mai ruwan ƙasa na ce na shagon magani ne. Ja na ce na otal ne. Da ya gaji ya ce, "Oga, faɗa mini gaskiya, wane iri maƙwabta suka sa?" Na faɗa masa. Ya shiga ciki ya fito da shi, dutse mai ruwan toka da ɗan ratsin baƙi. Na ce yauwa, sai ka ce ni na ƙirƙiro shi.

Fenti ma haka. Ashe ruwan toka kala-kala ne, akwai mai duhu, akwai mai haske, akwai wani da ke ɗan karkata zuwa shuɗi, wanda na ture gefe tun kafin mai fenti ya gama buɗe gwangwanin. Na sa ya kankare wani wuri a katanga ya shafa guda uku a jere. Na tsallaka titi na kalla da safe, na dawo na sake kallo da la'asar. Sannan na shiga na gaishe da Inna, na ce ko za ta fito ta duba ta zaɓa.

Ta yafa mayafi ta fito. Ta tsaya gaban katangar ta daɗe, ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa bango, ta ja da baya. Na ɗauka nazari take yi.

"Wanne ya fi, Inna?"

Ba ta dube ni ba. Ta juya wurin auta, wadda ke tsaye tana duba hotunan gadaje a waya, ta ce, "Duk wanda aka zaɓa ai ya yi."

Na ce da auta, "Kin ji ko? Na tsakiya?"

"Na tsakiya, Yaya," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sai Inna ta ce, "Duka katangar za a shafe?"

Na ce duka, har get za a canza, in an gama ita kanta sai ta yi mamaki. Da alfahari na faɗi haka. Ta ce Allah ya yi albarka, ta koma ciki.

A yadda muka saba, auta za ta ji sauran maganar a ɗaki ta kawo mini. Amma amarya ce, hankalinta na wurin tela da mai lalle, kuma ita ma ruwan tokan take so. Ni kuma na riga na ji abin da nake son ji.

Kankare bular ya fi komai ba ma'aikata wahala. Shafi ne a kan shafi na shekara da shekaru, yana ɓantarowa ɓawo-ɓawo, wani mai duhu wani mai haske, gwargwadon yadda hannun Baba ya yi nauyi a shekarar. Garin ya cika kwata, ruwan sama ya zo ya ja shi har bakin titi. Inna ta rufe tagarta ta ce ƙura ta dame ta. Aka yi sabon filasta, aka manna dutse har ƙugun katanga, aka shafa fenti a sama, magini ya ɗaga wata matakala ta dutse a bakin get wai don kada ruwa ya riƙa shiga. Da aka gama na tsaya a tsallaken titi na dubi gidan ubana, na ga bai bambanta da na hagu da na dama ba, wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Ranar na fara ajiye motata a ƙofar gidanmu.

Biki ya yi kyau. Surukai sun yaba, wani kawun ango har ya tambaye ni inda na samo dutsen. Dangin Inna da suka zo daga ƙauye sun yi ta yawo a layin suna neman gidan bula, direbansu ya kai ƙarshe ya dawo, sai da na fita na ɗaga musu hannu. Muka yi dariya, ni na fi kowa.

Inna mace ce mai ƙafa. Tun muna yara ba a yin suna ko biki ko rasuwa a dangi da unguwa ba ta je ba, kuma ita kaɗai take tafiyarta, ta tsani a raka ta. Za ta fita bakin titi ta tare keke mai ƙafa uku, ta je Unguwar Mu'azu wurin ƙawayenta, ta je Islamiyya, ta biya kasuwa, ta dawo kafin magariba. Kullum maganarta ita ce zumunta a ƙafa take. Bayan bikin auta da 'yan makonni sai ƙafar ta tsaya. Ƙanena ya ce mini Inna ta daina fita, wai gwiwa. Na sayo man zafi. Na sayo wani abin ɗaure gwiwa da aka ce daga waje ya zo. Na kai ta asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce gwiwar ta fi tasa lafiya, na ce a raina likitocin yanzu ba su san aikinsu ba. Na buga wa auta waya a gidan mijinta, ta ce ita ma gwiwa aka ce mata, ai irin hirarsu ba ta yiwuwa ta waya.

Ana cikin haka babbar ƙawar Inna ta Unguwar Mu'azu ta rasu, wadda suka taso tare tun suna 'yan mata. Ni na kai ta ranar jana'iza na dawo da ita. Washegari ina ofis. Kowa ya san Inna ce ya kamata ta zauna a gidan nan har a tashi daga zaman makoki, tana karɓar gaisuwa tare da 'ya'yan marigayiyar. Ba ta koma ba. Magana ta zaga har ta iso kunnen matata, wai tun da ɗanta ya yi mata gidan masu kuɗi ta daina shiga mutane. Raina ya ɓaci, kuma haushin Inna na ji. Ranar Asabar na taho da niyyar ko da kunya ko babu sai na tambaye ta abin da ke damunta.

Ban kai get ba Mama Nas ta kira ni. Tana zaune a kujerar roba a ƙofar gidanta tana tsintar wake. Ita 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, maƙwabciyarmu tun kafin a haife ni. Ita ke yi mini allura duk lokacin da zazzaɓi ya kama ni ina yaro, saboda haka ba ta jin nauyina ko kaɗan.

"Zo nan, ɗana. Zauna."

Na ce sauri nake yi.

"Saurin naka ne ya kawo mu nan. Zauna."

Na zauna. Ta ce Inna ta sa ta ɗauki alkawarin ba za ta faɗa ba, amma ita ta yi addu'a a kai, ta ga alkawarin da zai kulle mutum a ɗaki har ya mutu bai cancanci riƙewa ba. Idon Inna ya daɗe da raunana. Ba ta gane fuska sai an matso sosai, amma tana ganin launi in yana da ƙarfi. Shekaru ke nan da bular nan take komawa gida. Takan ce wa mai keke gidan bula, in ya sani ya kawo ta, in bai sani ba ta hango shuɗin tun daga bakin layi ta ce masa ya tsaya can.

Fitarta ta farko bayan biki, da za ta dawo ta ce wa mai keke gidan bula. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya sake komawa, ya fara masifa, ya sauke ta a tsakiya ya tafi. Ta bi katangu tana dubawa, duk abu ɗaya. Ta ga baƙin get a buɗe ta shiga, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta lalubi kujera a falo ta zauna, ta sauke mayafi tana kiran ƙanena ya kawo mata ruwa. Ashe gidan wani ɗan kasuwa ne da ya tare kwanan nan, can ƙasa da namu. Mutumin ya fito daga wanka da tawul a ƙugu ya tarar da tsohuwa babu mayafi a falonsa.

"Mutumin kirki ne," in ji Mama Nas. "Bai yi ihu ba. Ya koma ya sa riga, ya ba ta ruwa, yana ta Mama sori, Mama sori. Matarsa ta riƙo hannunta ta kawo ta wurina. A kan titi, ɗana, da rana tsaka, mutane na kallo, an riƙo hannun mamanka ana ja. A nan ta zauna, inda kake zaune, ta yi kuka. Tun da nake da ita ban ga hawayenta ba sai ranar da babanku ya rasu."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini?"

Mama Nas ta ajiye tiren waken ta dube ni. "Kai? Ta faɗa maka? Ni da ba Bahaushiya ba ma na san amsar wannan."

Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta layin makaranta nesa ba kusa ba. Na tuna yadda ta kai hancinta jikin bango ranar zaɓe, ashe guda ukun nan duk abu ɗaya ne a idonta. Na tuna tambayarta ko duka za a shafe. Ta yi magana iyakar yadda uwa irinta ke iya yi wa ɗan fari, ni kuma da aka haifa a cikin al'adar nan na tsaya ina cika baki. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Na kasa ɗaga kai in dube ta, ko da yake yanzu na san ba ganin fuskata take yi ba.

Ba zan iya ce mata na sani ba. In na faɗa, na tona abin da ta gwammace zaman ɗaki a kan a tona shi, kuma na jefa Mama Nas a ciki. Sai na fake da cewa ni ma zan je a duba mini ido, ta raka ni a duba mu tare. Ta yarda, wataƙila ta riga ta gano ni. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura da magani. Saura maganar katanga.

Ko a nan sai da na nemi hanyar tsira da mutuncina. Na kira mai fenti na ce a mayar da get shuɗi, amma shuɗi na mutunci, mai duhu, irin na kwat ɗin ma'aikatan banki. Aka yi, ya yi kyau ƙwarai. Mama Nas ta fito ta riƙe ƙugu ta duba, ta ce, "Wannan ai baƙi ne ya sha ruwa." Mako ya wuce, Inna na ɗaki.

Na sake kiran mai fenti na ce to a kawo farar ƙasa da bula a bi katangar duka, har dutsen. Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga da gaske ne ya ce in yi haƙuri, shi da hoton gidan nan yake samun aiki, ba zai ɓata shi da hannunsa ba. Ƙanena ya ce in bari Lahadi zai yi, ai ya saba. Na ce masa a'a, ni na sa aka kankare.

Mai shagon bakin layi da ta ji yawan bular da nake nema ta tambaye ni ko wankin asibiti na karɓo. Rabin duron yana nan a bayan kicin, a kife, sandar juyawa na jingine a gefensa. Ashe lokacin aikin an so a fitar da shi tare da shara, Inna ta ce a bar shi. Na jiƙa farar ƙasa tun Juma'a, Asabar da safe na sa tsohuwar jallabiya na fito da shi bakin titi. Ban san awon Baba ba, ban taɓa tsayawa na kalla ba, saboda haka na yi ta zuba bula ina juyawa har sai da launin ya fara ba ni haushi, na ce to ya yi.

Na ɗora burushin farko a kan dutsen nan da na yi zaryar Sabon Tasha a kansa. Dutsen bai karɓa da kyau ba, ruwan na bin tsaga yana gangarowa yana ɗiga a ƙafata. Maƙwabta suka fara fitowa. Wani sabon mai gida ya tambaye ni ko hukuma ce ta ce a yi. Wani abokin aikina da ke layin baya ya zo wucewa, ya rage gudu, ya sauke gilashi ya dube ni tun daga kai har silifas, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau. Ya ɗan jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya ja motarsa. Na san Litinin ofis gaba ɗaya za su ji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can wani mai keke ya danna hon ya leƙo yana dariya ya ce, "A'a! Gidan bula ya dawo!" Ban juya ba, na ci gaba da shafi.

Gaskiya aikin ya fi na Baba muni. Sama ya yi duhu, ƙasa ya yi dabbare-dabbare, ratsin dutse na leƙowa ta ƙarƙashi. Amma da na je bakin titi na juyo, shi ne abu na farko da ido ke sauka a kai. Inna ba ta fito ba. Tagarta dai a buɗe take, kuma warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ba ya ɓuya.

Ranar Juma'a na biya kafin masallaci, cikin farar shadda sabuwar guga. Na tarar da get a kulle. Mama Nas na ƙofar gidanta, ta ce, "Ta fita tun safe. Unguwar Mu'azu." Ta turo mini kujera da ƙafa.

Ba mu daɗe ba wani keke ya shawo kwana. Tun daga bakin layi na ga hannu ya fito yana nuni. Keken ya zo ya tsaya daidai kusurwar katangarmu. Inna ta sauko, ta sallami mai keke, ta gyara mayafi, sannan ta ɗora tafin hannunta a jikin bango ta bi shi a hankali har bakin get. Na taso na durƙusa a gefen matakalar na gaishe ta. Ta gane muryata ta amsa a gajarce kamar kullum, ta buɗe kwaɗo, sannan ta juya wajen da Mama Nas take ta ɗaga mata hannu.

"Maman yara, ki gaya wa wancan gishirin bai ji ba. Dubi hannuna."

Tafin ya yi shuɗi har yatsu. Mama Nas ta ce za ta gaya masa in ta gan shi.

Matakalar da magini ya ɗaga tana da ɗan tsayi, kuma ina durƙushe a gefenta. Inna ta laluba da ƙafa ta same ta. Sai ta ɗora hannun nan a kafaɗata ta danna, ta hau, ta shige ciki ba ta waiwayo ba. Tun da na yi wayo ban san nauyin hannunta ba sai ranar.

Mama Nas ta dubi shaddar ta ce in tsaya ta kawo jiƙaƙƙen tsumma, shatin yatsu biyar ne raɗau a kafaɗata. Na ce ta bari, lokacin salla ya yi.

A masallaci, kafin liman ya hau mumbari, wani dattijo da ke sahun bayana ya taɓa ni ya ce a hankali, "Malam, ka jingina da wani abu, duk ya ɓata maka riga."

Na ce masa na sani, daga gidanmu na taho da shi.